Ranar da Yaya Ya Gyara Agogo Goma Sha Biyu

Yayana mai gyaran agogo ne, amma kada ka kuskura ka kira shi haka a gabansa. Injiniya yake so a ce. Shagonsa ɗan ƙarami ne tsakanin na tela da na mai aski, bango cike da agogo, kowanne yana nuna lokacin da ya ga dama. Shi kansa uku yake ɗaurawa, biyu a hagu ɗaya a dama. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya duba duka ukun ya ba ka na tsakiya.

Masu kawo gyara sun daɗe da gano wani abu. Agogon da ya gyara maka kana tsaye, kafin ka kai bakin titi ya mutu. Wanda ka bari ya kwana a shagon kuwa sai ya shekara yana aiki. Da aka faɗa masa, cewa ya yi ai agogo kamar majinyaci ne, sai an kwantar da shi yake jin magani.

'Yarsa ta fari shekararta goma sha biyu. Miskila muke ce mata, don sai ta wuni ba ta furta kalma goma ba. Malamin lissafinsu ne ya koya musu wasan ces, wannan mai sarki da sarauniya da dawaki a kan allo mai gidaje baƙi da fari. Shekara biyu tana bugawa da murafan kwalba a bayan kantar ubanta, har aka zaɓe ta zuwa gasar yara a wani gari, tafiyar awa biyu da rabi. Ukun farko za su wuce babbar gasa, a kuma ba su mai horarwa na shekara guda. Bana ce damarta ta ƙarshe, domin baɗi ta wuce shekarun rukunin. Malamin yana tsaron jarrabawa ranar, uwar kuma tana fama da jariri. Rakiya ta faɗo kan Yaya.

Kafin a kwana biyu duk layin ya sani. Ya sauke agogo huɗu daga bango, ya kafa ɗan katako a wurin, ya shafe shi da jan fenti.

Tela ya leƙo ya ce, "Injiniya, wannan fa?"

"Mazaunin kofi ne."

"An ci gasar ke nan?"

"Ni zan kai ta, me ya rage? Wasan nan a jininmu yake. Duk abin da yarinyar nan ta iya, a wurina ta gani."

Mai aski ya ce, "To yaya doki yake tafiya a wasan?"

"Da gudu mana! Ka taɓa ganin doki yana rarrafe?"

Mai aski ya yi dariya har sai da wanda yake yi wa aski ya riƙe kunnensa. Da yamma matar Yaya ta kira ni ɗaki, ta ce, "Gwaggonsu, don Allah ki bi su. Ba yarinyar za ki kula mini da ita ba, ita ta san kanta." Na ce na gane.

Motar ƙarfe shida za mu hau. Agogon Yaya na tsakiya ya ce da saura, saboda haka muka iso tasha muka tarar tana fita, muka bi ta da gudu, shi yana rungume da akwatin kayan gyaransa. Na tambaye shi me zai yi da akwati a gasar yara. Ya ce likita ba ya tafiya ya bar allurarsa.

A mota Miskila ta yi ƙoƙarin yi masa bayani. Ta ce a gasa da agogo ake wasa, ba da waya ba kamar yadda suke yi a makaranta.

Idanunsa suka yi haske. "Agogo? Ashe gida za mu!"

"Baba, ba irin namu ba ne. Fuska biyu gare shi, in ka danna..."

"Ke! Ni za ki koya wa agogo? Kafin a haifi uwarki nake buɗe cikin agogo."

Ƙarya ce, don lokacin ko tafiya bai fara ba. Da muka kusa isa, yarinyar ta kama hannun rigarsa ta ce, "Baba, abu ɗaya nake roƙo. Kada ka taɓa komai."

Ya ce, "Ni da nake baƙo, me zan taɓa?"

A babban zauren wata makaranta ake gasar. Tebur goma sha biyu, yara ashirin da huɗu, kowane tebur da allonsa da wani tsohon agogo na katako mai fuska biyu da maɓalli biyu a ka. Alƙaliyar gasar wata dattijuwa ce mai tabarau, daga ganin tsayuwarta ka san ta shekara talatin tana tsawata wa 'yan aji. Ta tambayi Yaya ko shi ne mahaifin yarinyar.

"Mahaifi, mai horarwa, kuma injiniya."

"Gurbi ɗaya ne a takardar."

"To rubuta injiniya."

Ta rubuta mahaifi. Sannan ta karanta dokoki da ƙarfi. Wasa biyar ne, huɗu kafin hutu, ɗaya bayansa. Kowane yaro minti ashirin gare shi. Iyaye su tsaya bayan igiya, ba magana, ba alama. Duk uban da ya sa hannu a harkar wasa, ɗansa ne zai fita. Da ta zo bayanin agogo, Yaya yana can yana raba wa iyaye katin shagonsa. Ni na saurara, kuma ba wani abu ne mai wuya ba. Kowace fuska lokacin yaro ɗaya ce. In ka yi tafiyarka sai ka danna maɓallinka, taka ta tsaya, ta abokin wasanka ta tashi. A saman kowace fuska akwai ɗan jan ƙarfe, tuta suke ce masa. Dogon hannu yana isa sha biyu tutar za ta faɗi, wanda tasa ta faɗi an cinye shi.

Aka fara. Zaure ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙas, ƙas na maɓallai. Yaya ya ƙura wa agogon teburin 'yarsa ido, fuskarsa tana sauyawa. Yaron da ke gabanta ya motsa soja, ya kai wa maɓalli duka da tafin hannu.

"Kai yaro! Haka ake taɓa agogo a gidanku?"

Kai ashirin da huɗu suka ɗago. Alƙaliya ta nuna wa Yaya ƙofa da biro. Muka koma baranda, muna leƙe ta taga.

Nan ya haɗu da daidai shi. Wata mata ce mai ƙaton fulas da kujerar naɗewa, ɗanta ne zakaran bara. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Bana ne zuwanku na farko, ko?"

"Zuwanmu na farko, kofinku na ƙarshe."

"Wane salon buɗe wasa 'yarka take bi?"

"Sirrin gida ne, Hajiya. Ba a faɗa a baranda."

Ana cikin haka aka cinye wa Miskila sarauniya. Yaya ya ga an ɗauke babba daga allo, ya ɗauka tasu ce ta ci, ya hau tafi. Na ce masa tamu ce aka ɗauke. Ya dafe kai ya fara salati, yana cewa an cuce su. Bai rufe baki ba yaron da take wasa da shi ya miƙa mata hannu, alamar an cinye shi, ashe da gangan ta bayar, ta kama sarkinsa ta baya. Yaya ya juyo wurin mai fulas ya ce, "Kin gani? Jiya na koya mata wannan."

Amma hankalinsa ba ya kan allo. Ya jawo ni gefe yana raɗa.

"Ke, kin lura? Agogunan nan duk matattu ne. Fuska ɗaya tana aiki, ɗaya ta tsaya. Yaro ya buga, wannan ta farfaɗo, waccan ta suma. Kuma ba wanda ke nuna lokacin gaskiya. Shi ya sa yaran suke dukansu, abin tausayi."

"Yaya, haka aka yi su."

"Haka aka yi su! Ke da ko batir ba ki iya sawa ba. In na gyara musu kyauta, da lasifika za a kira sunana. Daga nan duk gyaran ƙungiyar nan ya dawo hannuna."

"Ka tuna abin da yarinyar nan ta roƙe ka."

"Ita wasa ta ce kada in taɓa."

Laifina ɗaya, na ɗauka cika bakin da ya saba ne. Zuwa hutu Miskila ta ci uku, ta faɗi ɗaya. Aka liƙa takarda a ƙofa: wasanta na ƙarshe da ɗan mai fulas ne, in ta ci ta shiga ukun farko, in ba ta ci ba sai gida. Alƙaliya ta saita agogunan, ta rufe zaure, ta bar maigadi a ƙofa. Na zaunar da yarinyar a inuwa na ba ta burodi da ruwa, hannunta sanyi ƙalau. Ina lallashinta ta ci, ban ga lokacin da uban ya sulale ba.

Daga baya maigadin ya ba da labari. Ya ce wani mutum ya zo da akwati, da gilashi maƙale a ido ɗaya, da agogo uku a hannu, ya ce shi ne injiniyan agogo. "To wa zai ga wannan ya ce ba shi ba ne?"

Biyu saura minti uku aka buɗe ƙofa. Tun daga bakin zaure ake jin ƙas-ƙas-ƙas kamar an saki ƙwari, amma alƙaliya tana fama da takardar zama, ba ta kula ba. Yara suka zauna, suka gaisa, ta ce a fara. Sai hannu ya fara tashi.

"Malama, nawa ba ya tsayawa!"

"Malama, minti biyu aka ba ni!"

"Malama, na danna, duka biyun suna tafiya!"

Yara suka hau dukan maɓallai, wani da hannu biyu. Alƙaliya ta ruga tebur na farko, ta ruga na biyu. Kafin ta kai na uku ƙarfe biyu ta cika, dogayen hannaye ashirin da huɗu suka isa sha biyu tare, tutoci ashirin da huɗu suka faɗi a lokaci guda. A dokar wasa, duk yaran zauren an cinye su. Wani ɗan ƙarami ya fashe da kuka, na gabansa ya taya shi.

A rayuwar Yaya bai taɓa sa agogo biyu sun yarda da juna ba sai ranar nan.

Ina addu'a a zuciyata Allah ya sa ya gudu. Ina! Sai ga shi ya ɗaga igiya ya shigo tsakiyar zaure yana gyara wuyan riga, da gwangwanin alewa a hannu.

"Jama'a, ba sai an gode mini ba. Kun ga dai daidai suke da na bango, ko sakan ɗaya babu tsakani. Ga abin da ke riƙe su." Ya girgiza gwangwanin. "Wani ɗan ƙarfe ne a ciki yake tokare ƙafar agogo. Duk na cire. Kuma kyauta ne, katina yana wurin maigadi."

Nan take iyaye suka tsallako igiya. Wani ya ce tun asuba suka baro gida. Wani ya ce a kira 'yan sanda. Mai fulas ta fi kowa murya.

"Sirrin gida ke nan! Ashe wannan ne salon buɗe wasan naku!"

Alƙaliya ta cire tabarau ta goge, ta mayar. "Malam, wannan ƙarfen da ka cire shi ne agogon. Shi ne birkinsa. Ba shi, ba wasa."

"Birki? A agogo? Malama, shekarata ashirin..."

"Ƙarfe uku da rabi makaranta za ta karɓi zaurenta. Ka iya mayar da su?"

"Mayarwa? Ai wasan yara ne."

Ya buɗe bayan na teburin 'yarsa, ya ɗauki ƙarfe ɗaya, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Gumi ya keto masa. Ya cusa da ƙarfi, wata siririyar waya ta yi tsalle ta faɗa cikin takalmin maigadi. Da ya rufe, fuskokin biyu suka tsaya cak.

Alƙaliya ta ɗauki biro. "Na karanta doka da safe. Tebur na biyu, yarinyar ta fita."

Wallahi ji na yi kamar in kama Yaya in shaƙe, sannan in zauna in yi kuka. Shekara biyu da murafan kwalba! Miskila kuwa ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta zo gaban alƙaliya.

"Malama, in na mayar da su fa?"

"Ke kin iya?"

"A gefen dama yake shiga, haƙorin yana kallon ƙasa. Baba ya kifa shi ne."

Mai fulas ta ce ita ba ta yarda ɗanta ya zauna jira ba, doka ta ce agogo yana tafiya ko ɗan wasa yana wurin ko ba ya nan. Alƙaliya ta yi ɗan tunani, ta buɗe jakarta ta fito da nata agogon, wanda Allah ya tsare daga hannun Yaya, ta ajiye a tebur na biyu.

"Haka ne. Zan danna lokacinki yanzu. Ki gyara sha ɗayan nan, abin da ya rage miki daga minti ashirin, da shi za ki yi wasa." Ta danna.

Yarinyar nan ta juyo ta ce, "Baba, kai buɗe bayansu. Gwaggo, ke rufe. Ba ni gwangwanin."

Yaya ya buɗe baki, na ga jawabi yana tahowa. Ta ce, "Baba, lokacina ne ke tafiya."

Ya ce, "To."

Tunda uwarmu ta haife ni ban taɓa jin ya ba da amsa da kalma ɗaya ba. Ya kama sukudireba ya fara kwancewa. Ita kuwa yatsunta kamar na mai tsince shinkafa, ta ɗauka, ta saka, ta danna dama, ta danna hagu, ta saita, ta tura mini. Duk wanda aka gama, yaro ya ɗauka ya ruga teburinsa. A na huɗu Yaya ya tsaya yana kallon hannunta.

"Ke, a ina kika..."

"Kullum in ka tafi shan shayi da la'asar. Buɗe na gaba, Baba."

Sai ya gane abin da duk layinmu ya daɗe da sani game da agogon da ke kwana a shagonsa. Ya buɗe na gaba.

Da ta zauna a teburinta, minti shida ya rage mata, yaron yana da ashirin cif. Alƙaliya ta sa maigadi ya raka Yaya waje. Da kansa ya miƙa wa maigadin akwatin ya ce ya riƙe. Bai iya leƙa taga ba, ya juya mata baya ya tsuguna.

"Saura nawa?"

"Huɗu."

Ya duba hagu, ya duba dama, ya duba na tsakiya. Ya kwance duka ukun ya zuba a aljihu. "Yanzu fa?"

"Uku. Ka bar ni in gani."

Ni ban san wasan ba, fuskoki nake karantawa. Yaron ya ga lokacinta kaɗan ne, sai ya shiga sauri don ya ƙure ta, yana motsawa yana bugawa ba tunani. Ita kuwa ko agogon ba ta kalla. Dogon hannu ya fara ɗaga tutarta. Sai na ga ta ɗauki doki ta ajiye a wani gida kusa da sarkinsa, a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Yaron ya dubi allo, ya dubi uwarsa ta taga, ya sake duban allo. Murfin fulas ya faɗi ƙasa. Yaron ya miƙa hannu.

Na ce, "Yaya, ta ci."

Na zaci zai yi tsalle ya ce shi ya koya mata. Yana nan tsugune, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna motsi. Na tsaya a gabansa don kada mai fulas ta gani.

Ta uku ta zo. Ta uku ba ta da kofi, sai takarda da gurbin babbar gasa da mai horarwa. Muna shirin fita alƙaliya ta kira ta, ta miƙa mata agogo na goma sha biyu, wanda uban ya ƙarasa. Ta ce, "Wannan ya fi ƙarfinmu. In kin tashe shi, naki ne, ki riƙa atisaye da shi." Maigadi ya zazzage takalminsa ya ba ta siririyar wayar nan. Kafin motarmu ta yi rabin hanya ta tashe shi a kan cinyarta.

Washegari tela da mai aski suna jira a ƙofar shago.

"Injiniya, ina kofin?"

"Kofi na masu shan shayi ne. Mu sai da aka tsayar da gasa gaba ɗaya saboda aikina. Ku tambayi ƙanwata."

Na ce gaskiya ne, an tsayar.

Yanzu agogon yana kan jan katakon nan, fuska ɗaya tana tafiya, ɗaya a tsaye. Rannan ina shagon wani mutum ya kawo gyara, ya ɗaga kai ya gan shi.

"Injiniya, kai da kake gyara na mutane, ga naka nan rabi ya mutu. Ba za ka duba shi ba?"

Na ga yatsun Yaya sun motsa. Ya dubi agogon, ya dubi bayan kanta inda Miskila take zaune da allonta, ya tura hannayensa duka biyu cikin aljihu.

"Lafiyarsa ƙalau. Kuma mai shi ta ce kada in taɓa." Ya nuna kanta da haɓa. "Naka ma ajiye shi nan, ka dawo gobe. Sai ya kwana."